Yadda gwajin ƙwayoyin gado ke gano cutar da ɓeraye ke ɓoyewa a fadamu

A Kontagora da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Jihar Neja, manomi ya fi sanin ɓera da ɓarnar hatsi a rumbu da kuma zazzaɓin Lassa. Sai dai akwai wata cuta da ba a cika ambatonta ba, wato leptospirosis, wadda ƙwayar bakteriya mai suna Leptospira ke haddasawa.

Ƙwayar na zama a ƙodar ɓera ba tare da ta kwantar da shi ba, tana fita ta fitsarinsa zuwa ruwa da laka. Daga nan take shiga jikin mutum ta rauni a fata, ko ta ido da baki. Alamominta sun haɗa da zazzaɓi, ciwon kai da ciwon jijiyoyi, abin da kan sa a ɗauke ta a matsayin maleriya. Idan ta tsananta takan kawo shawara, ta kuma lalata ƙoda. An ƙiyasta tana kashe kusan mutum 59,000 a duniya kowace shekara.

Renon ƙwayar a ɗakin gwaji na ɗaukar makonni, shi ya sa masana suka karkata ga gwajin PCR, wanda Ba'amurke Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983. Akan kama ɓeraye da tarko, a yanki ɗan ɓangaren ƙoda, a tace sinadarin gado na DNA. Na'ura na ninka wani yanki da ƙwayar kaɗai ke da shi sau miliyoyi har ya bayyana, cikin 'yan sa'o'i. Karanta jerin sinadarin kuma na nuna nau'in ƙwayar.

Da wannan hanya, wani binciken da aka wallafa a 2015 ya gano Leptospira a jikin gafiya da ɓerayen gona a lambunan Yamai da ke gaɓar Kogin Kwara, duk da ƙarancin ruwan sama a yankin. Wannan ya nuna noman rani na samar wa ƙwayar danshin da take bukata.

Darasin ya shafi masu noman fadama a Kontagora da matasan da ke farautar gafiya. Sanya takalmin roba, rufe rauni kafin shiga ruwa da wanke hannu bayan fiɗa na rage haɗarin. Wanda zazzaɓinsa ya ƙi jin maganin maleriya ya koma asibiti ya bayyana irin aikinsa, domin magunguna irin su doxycycline da penicillin na warkar da cutar idan an fara da wuri.