Dillancin Aiki ta Intanet

Kin dai san dillaliya: ta ɗauki kayanki ta kai wa mai saye, in ciniki ya faɗa ta cire la'adarta. To, akwai kamfanonin da ke irin wannan dillanci a intanet, sai dai su aiki suke haɗawa. Wani ɗan kasuwa a Amurka yana neman wadda za ta riƙa amsa masa wasiƙun imel, ta tsara masa lokutan ganawa da mutane. Kamfanin sai ya haɗa ku, ke kuwa kina ɗakinki a Bacirawa.

Ana bukatar Turanci mai kyau, da kwamfuta, da data, da wuta ko da ta sola ce. Ki lura da agogo kuma, don hantsin gabashin Amurka azaharmu ce, kar aiki ya ci karo da girki.

Ga inda nake so ki buɗe kunne. Fiverr, misali, kashi 20 cikin 100 yake cira, amma daga kuɗin aikin da kika riga kika yi. Duk wanda ya ce ki fara turo kuɗin rajista kafin ki ga aiki, 'yar'uwa, riƙe kuɗinki. Ina kika taɓa ganin dillaliyar da ta karɓi la'ada kafin a sayar? Allah ya ba da sa'a.