Masu Caca Sun Bar Zaɓe, Sun Koma Kan Hasashensa

A watan Janairun 2025, duk wanda ya leƙa shafin 338Canada mai hasashen zaɓen Kanada zai tarar jam'iyyar adawa ta Conservative ta yi wa Liberal mai mulki fintinkau. Ƙuri'un jin ra'ayi suna ba ta tazarar maki 20 ko fiye, hasashe kuma yana ba ta kujeru sama da 200 daga cikin 343 na majalisar dokokin Kanada. Sai Firaminista Justin Trudeau na Liberal ya sanar ranar 6 ga watan cewa zai sauka, Donald Trump ya dawo da barazanar haraji da batun mai da Kanada jihar Amurka ta 51, sannan Mark Carney, tsohon gwamnan babban bankin Kanada da na Ingila, ya karɓi ragamar Liberal a watan Maris. Kafin watan ya ƙare, reshe ya juye da mujiya. A zaɓen 28 ga Afrilu, Liberal ta tashi da kujeru 169, Conservative 144, shugaban adawa Pierre Poilievre ma ya rasa kujerarsa ta Carleton.

Irin wannan hawa da sauka shi ne abincin kasuwannin caca na intanet irin su Polymarket. Yanzu ba sai an jira ranar zaɓe ba, ana zuba kuɗi a kan hasashen kansa: shin kafin rana kaza, 'yan adawa za su sha gaban gwamnati a yawan kujerun da ake hasashe? Mutum ya sayi "e" ko "a'a", farashin kowanne bai wuce dala 1 ba. Idan "e" tana senti 30, ma'ana 'yan kasuwar suna ganin yiwuwar abin kashi 30 cikin 100 ne. Wanda ya sayi guda 1,000 ya biya dala 300. In abin ya tabbata a ba shi dala 1,000, in bai tabbata ba kuɗinsa sun bi ruwa.

To amma mene ne abin da ake jira ya tabbata? A nan gizo ke saƙar. Hasashen kujeru lissafi ne da wani mutum ke yi a kwamfuta, babu akwatin ƙuri'a ko ɗaya a cikinsa. Shi 338Canada aikin Philippe J. Fournier ne, malamin kimiyyar fiziks da taurari a wata kwaleji a Montreal. Mai irin wannan aiki yakan tattara sakamakon kamfanonin jin ra'ayi, ya fi ba sababbi da waɗanda suka tambayi mutane da yawa nauyi. Daga nan ya ɗauki sauyin da aka samu a kowane lardi ya ɗora a kan sakamakon zaɓen baya na kowace mazaɓa, ya haɗa da bayanan ƙidayar jama'a, ya sa kwamfuta ta gwada zaɓen sau dubbai. Matsakaicin abin da ya fito shi ne lambar da ake wallafawa, tare da gargaɗin cewa gaskiya na iya faɗawa can sama ko can ƙasa da ita.

Wannan gargaɗi ba ado ba ne. Ƙuri'ar jin ra'ayin mutum 1,000 tana iya kuskuren maki 3 ta kowane ɓangare, alhali a tsarin Kanada wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa, ko da guda ɗaya ce, shi ke kwashe kujerar. A 2025 haka aka yi a Terrebonne ta lardin Kebek, inda sake ƙirga ya nuna bambancin ƙuri'a ɗaya tak. Motsin maki 1 ko 2 a unguwannin da ke kewaye da Toronto yana iya kifar da kujeru masu yawa a lokaci guda. Ga kuma matsalar da ta daɗe tana ci wa Conservative tuwo a ƙwarya: ƙuri'unta sun taru jingim a lardunan Alberta da Saskatchewan, inda take ci da tazarar da ba ta ƙara mata kujera. A 2019 ta fi Liberal yawan ƙuri'u amma ta samu kujeru 121, Liberal 157. A 2021 haka ta sake faruwa, 119 da 160. Don haka idan jam'iyyun biyu suka yi kankankan, wace ce a sama a hasashen wani Lahadi na iya rataya a kan ƙuri'ar jin ra'ayi guda da ta shigo ranar Juma'a. Mai wannan caca kamar wanda ya bar batun ko za a yi ruwa gobe ne, ya sa kuɗinsa a kan abin da mai hasashen yanayi zai faɗa a rediyo.

Masu kare kasuwannin suna cewa wanda ya sa kuɗinsa ba ya yaudarar kansa, saboda haka farashi ya fi bakin 'yan sharhi gaskiya. A kan babban zaɓe mai dubban mahalarta, maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai ko a zaɓen Amurka na 2024, wani Bafaranshe guda ya zuba miliyoyin daloli a kan Trump ta asusu da dama, har hukumar kula da caca ta Faransa ta shiga binciken Polymarket. Ina ga ƙaramar kasuwa da mutum ɗaya zai iya ɗaga farashinta da daddare, gari ya waye ana yaɗa hoton a matsayin labari?

Abin da ya fi damuna shi ne nauyin da ake ɗora wa masu lissafin. Ba na zargin kowa da komai. Amma da zarar kuɗin mutane suka rataya a kan lambar da wani malami zai wallafa, to sanin sakamakon wani kamfani awa biyu kafin ya fita ya zama haja mai tsada, fitar da ƙuri'ar jin ra'ayi ta bogi ya zama sana'a, gyaran lissafi na gaskiya kuma ya jawo wa mai shi zagi daga waɗanda suka yi asara. Hasashe an yi shi ne don mai jefa ƙuri'a ya san inda ƙasarsa ta dosa, kuma amincin da jama'a suka ba shi shi ne kaɗai jarinsa.

An riga an ga yadda bayanan sirri ke malalowa cikin cacar siyasa. A Birtaniya, Craig Williams, na hannun daman Firaministan lokacin Rishi Sunak, ya sa fam 100 cewa za a yi zaɓe a watan Yulin 2024, kwanaki kaɗan kafin a sanar da ranar. A watan Afrilun 2025 hukumar kula da caca ta ƙasar ta tuhumi mutum 15 kan wannan batu, har da shi. Ita kanta Polymarket ba ta tsira daga hukumomi ba: a Amurka, hukumar CFTC mai sa ido kan kasuwanni ta ci ta tarar dala miliyan 1.4 a farkon 2022, lardin Ontario na Kanada kuma ya haramta mata hulɗa da mazaunansa na shekara 2 tun daga 2025. Ke nan mutanen lardin da ya fi kowanne yawan kujeru a majalisar ba su da izinin shiga kasuwar, amma ana ci gaba da sa farashi a kan siyasarsu daga wasu ƙasashe.