"In" Da "To" A Cikin Ilmin Handasa

Akwai waɗansu 'yan kalmomi biyu waɗanda yaran sakandare kan tsallake da gaggawa sa'ad da su ke karanta handasa, watau lissafin layuka da kusurwoyi. Su ne "in" da "to". Mu kuwa da ke shirin tsayawa gaban allo, wajibi ne mu sani kusan kowace ƙa'ida da za mu koyar bisa kalmomin nan ta ke zaune. Ga misali: in alwatika tana da gefe biyu masu tsawo ɗaya, to kusurwoyi biyun da ke fuskantarsu daidai su ke. Rabin farko shi ne abin da aka ba mu, rabi na biyu shi ne abin da a ke so mu tabbatar. Malaman mantiƙi da ke karantar da Sullam na Ahdari a zaure sun daɗe da raɗa musu suna, na farko muƙaddami, na biyu tali.

Abin da ke ka da yara shi ne zaton da su ke yi wai magana irin wannan, in ta yi gaskiya gaba, lalle ta yi gaskiya baya. In muka ce musu, "In dabba akuya ce, to ƙafarta huɗu," kowa ya yarda. Mu juya ta, "In dabba ƙafarta huɗu, to akuya ce," sai aji ya fashe da dariya, wani ya tuna mana da jaki. Amma yaron nan da ya yi dariya, shi ne gobe zai karanta cewa in layuka biyu sun gicciya kusurwoyin da ke daura da juna daidai su ke, sa'an nan ya rubuta wai duk kusurwoyi biyu da su ke daidai daura da juna su ke. Maganinsa a zana kusurwa mai digiri 40 a wannan ƙarshen allo, wata mai digiri 40 a wancan, a bar shi ya duba. Misali guda ya isa ya rushe magana, ko da shi ke zane ɗari ba su isa su tabbatar da ita ba.

Juyi ɗaya kaɗai ke zuwa kyauta, shi ne wanda aka haɗa da korewa. In dabba ƙafarta ba huɗu ba ce, to ba akuya ba ce. Haka masu mantiƙi su ka ce: tabbatar muƙaddami na jawo tali, korewar tali na kore muƙaddami, sauran hanyoyi biyun ba su haifar da kome.

Iƙlidis, wanda Turawa ke kira Yuklid, ya rubuta littattafansa 13 a Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, bai kuwa yarda ya karɓi juyi bashi ba. Ƙa'idar alwatikan nan da muka fara da ita ita ce ta 5 a littafi na farko, juyinta ita ce ta 6, da hujjarta dabam. Ta 47 ita ce ta Fitagoras: in alwatika na da kusurwa mai digiri 90, to murabba'in dogon gefe daidai ya ke da jimlar murabba'an sauran biyun. Ta 48 ce juyinta. Mu lura fa, maginin da ke ja igiya ƙafa 3 da 4 da 5 don ya sami kusurwar ɗaki, da ta 48 ya ke aiki. Tsawo ya ke da shi a hannu, 9 da 16 sun ba shi 25, kusurwa ya ke nema.

Magina na da wata dabara kuma, su kan auna daga lungu zuwa lungun da ke daura da shi, sa'an nan su auna ɗaya ɗin, in sun zo daidai su ce ɗaki ya miƙe. Gaskiya ne in lungunan ɗaki huɗu duk digiri 90 ne awon nan biyu za su zo daidai. Amma a yi bangon gaba ƙafa 12, na baya ƙafa 10, na gefe biyu su karkato daidai wa daida. Awo biyun za su yi daidai sarai, alhali babu lungu ko ɗaya mai digiri 90. Dabarar ba ta ci sai an riga an tabbata kowane bango tsawonsa ɗaya da na daura da shi. Wanda ya manta sharaɗin nan, ranar ɗora rufi zai gani.

Wani juyin ma ya fi wannan tsada. Ƙa'ida ta 27 ta ce in layi ya ratsa layuka biyu, kusurwoyin musaya su ka zo daidai, to layukan ba za su taɓa gamuwa ba. Iƙlidis ya tabbatar da ita ba wuya. Da ya zo juyinta a ta 29, sai da ya jingina bisa sharaɗinsa na biyar, wanda ya roƙi mai karatu ya karɓa ba hujja. Masana Girka da Larabawa da Turawa su ka yi ta fama wajen shekara 2,000 su tabbatar da shi, abin ya gagara, har Lobacebiski a Rasha cikin 1829, da Boliyai na Hungari cikin 1832, su ka fito da wata handasa wadda ke tsaye ba tare da shi ba.

To, me za mu yi a aji? A ganinmu hadda ita ce babbar abokiyar gaba, gama yaro na iya kawo hujja tun daga fari har ƙarshe bai san inda ta dosa ba. Kafin ya sa alƙalami, ya rubuta abin da aka ba shi a hagu, abin da a ke nema a dama. Kowace ƙa'ida aka gama, mu ce su juya ta, rabin aji su nemi hujja, rabi su nemi misalin da zai karya ta. Sa'ad da mu ke duba littattafansu kuwa, mu sa ido a layi na biyu da na uku, gama nan ne mai neman ya nuna AB daidai ya ke da AC kan rubuta, "Tun da AB daidai ya ke da AC."