Rajistar sunaye a kwamfuta: ta ina ɓarawo yake shiga?

A garuruwan Agiye, Gazawa da Gidan Rumji kowa ya san rajista. Bankin cimaka yana da tasa. Ƙungiyar manoma tana da tata. Idan wani aikin raya karkara zai raba iri, ko taki, ko awakin kiwo, sai an rubuta sunan mai gida, yawan iyalinsa da girman gonarsa. A da, littafi ne ake ajiyewa a hannun magatakarda. Yanzu ana zuba yawancin waɗannan bayanai cikin kwamfuta, tare da lambar salula, wani lokaci har da hoto. Wannan shafi zai bayyana inda haɗari yake a cikin wannan tsari, da abin da ya kamata a yi.

Mece ce manhajar rajistar abokan hulɗa?

Manhaja ita ce tsarin aikin da ake sa wa kwamfuta ko salula. Kamfanoni, bankuna da ƙungiyoyin agaji suna amfani da wata irin manhaja wadda ke riƙe bayanan dukan mutanen da suke hulɗa da su: suna, gari, lambar waya, abin da aka ba mutum da abin da ake bin sa. Wadda ta fi shahara a duniya ita ce Salesforce, ta wani kamfanin Amurka.

Wannan manhaja ba ta aiki ita kaɗai. Ana haɗa ta da wasu. Ɗaya tana aika saƙo zuwa wayoyin jama'a. Wata tana biyan kuɗi ta salula. Wata kuma ita ce ma'aikaci yake cikewa a wayarsa idan ya zo ƙidaya ƙauye. Domin kowace ta iya karanta rajistar, ana ba ta mabuɗin sirri nata. Da wannan mabuɗi take shiga dare da rana, ba tare da an sake tambayar ta ko wace ce ba.

Ina raunin yake?

Mu ɗauki misalin rumbun bankin cimaka. An gina shi da ƙarfi, an sa ƙofar ƙarfe. Amma an ba mai awo mabuɗi, an ba mai amalanke, an ba mai shara. Ɓarawo ba ya bukatar fasa bango. Ya isa ya sace mabuɗin ɗaya daga cikinsu. In ya buɗe ƙofa da mabuɗin gaskiya, mai gadi ba zai yi zargin kome ba.

Haka yake a kwamfuta. Rauni yakan fito ta hanyoyi huɗu:

1. An ba ƙaramar manhaja izinin ganin rajista duka, alhali lambar waya kawai take bukata.
2. An gama aiki da wani kamfani, amma ba a soke mabuɗinsa ba.
3. Masu manhaja sun gano tsaga, sun fitar da gyara, amma ba a yi gyaran da wuri ba.
4. An yaudari ma'aikaci ta waya, ya buɗe ƙofa da hannunsa.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Abin da ya riga ya faru

A shekarar 2017 wani kamfani ya nuna cewa ya iya shiga manhajar RedRose, wadda ƙungiyar agaji ta CRS take amfani da ita a Afirka ta Yamma. Ya ga sunaye, hotuna da wuraren zaman iyalai fiye da 8,000 masu karɓar taimako.

A watan Janairu na 2022 kwamitin ƙasa da ƙasa na Red Cross ya sanar cewa an shiga bayanan mutane fiye da 515,000. Cikinsu akwai waɗanda yaƙi ko hijira ta raba da danginsu. Ɓarayin sun bi ta wata tsaga a manhajar tantance masu shiga, wadda ba a gyara da wuri ba. Sun shiga tun watan Nuwamba na 2021, ba a lura ba sai bayan fiye da wata biyu.

A watan Agusta na 2025 aka gano an sace mabuɗan sirri na wata manhajar hira da abokan ciniki mai suna Drift, ta kamfanin Salesloft. Kamfanoni da yawa sun haɗa Drift da rajistarsu ta Salesforce. Ɓarayin ba su fasa Salesforce kanta ba. Da mabuɗan Drift suka shiga, suka kwashe bayanai. Masu bincike na kamfanin Google sun ce abin yana iya shafar kamfanoni da ƙungiyoyi fiye da 700. A cikin abin da suka kwasa, ɓarayin sun riƙa neman wasu lambobin sirri, domin su buɗe wasu ƙofofin. A ranar 20 ga watan aka soke mabuɗan duka.

Me ya shafi mutumin ƙauye?

Wanda ya sami rajista ya san sunanku, ƙauyenku da ranar da za a biya ku. Yana iya kira ya ce shi ma'aikacin aikin ne. Zai faɗi sunan mai gida daidai, da yawan buhunan da aka ajiye a rumbu. Ganin ya san wannan duka, sai a yarda da shi. Daga nan zai nemi lambar sirri, ko ya ce a tura jika biyu domin kada suna ya fita daga jeri. A yankunan da ke kusa da iyakar Nijeriya, kamar kudancin Gidan Rumji, inda aka sha fama da ƴan bindiga, haɗarin ya wuce asarar kuɗi: ba abu ne mai kyau ba mugu ya san gidan da kuɗi ya shiga.

Abin da ya kamata ku yi

1. Kada ku faɗa wa kowa lambar sirrinku, ko da ya san sunanku da na mahaifinku.
2. Idan saƙo mai lambobi ya shigo wayarku, kada ku karanta wa wanda ya kira ku.
3. Idan an nemi kuɗi domin a sa ku cikin jerin masu samun taimako, ku tsaya. Ku tambayi mai gari, ko kwamitin ƙauye, ko ma'aikatar magajin gari.
4. Kafin a rubuta ku, ku tambaya: wa zai ga wannan bayani, kuma har yaushe za a ajiye shi?
5. Idan an yaudare ku, kada kunya ta hana ku faɗa. Ku sanar da kamfanin waya da jandarmomi da wuri, ku kuma gargaɗi maƙwabta.

Abin da ya kamata shugabannin ƙungiya su yi

1. Su rubuta sunan kowace manhaja da kowane mutum da ke da izinin shiga rajista.
2. Su ba kowa izinin abin da aikinsa yake bukata kawai.
3. Su soke mabuɗin wanda ya bar aiki a ranar da ya tafi, su kuma riƙa canja sauran.
4. Kada su tura jerin sunaye a zauren WhatsApp.
5. Kada su tambayi jama'a bayanin da ba su da bukatarsa. Abin da ba a rubuta ba, ba a sace shi.
6. Idan an yi sata, su sanar da mutanen da abin ya shafa.

Tun shekarar 2017 Nijar take da dokar kare bayanan mutane, kuma akwai hukumar da ke kula da wannan aiki a Yamai, wato HAPDP. Saboda haka tambayar abin da ake yi da sunanku haƙƙinku ne, ba rashin ladabi ba ne.

Darasi daga asusun mata

Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara sun faro a jihar Maraɗi a shekarar 1991 da taimakon ƙungiyar CARE. A irin waɗannan ƙungiyoyi akan sa wa akwatin kuɗi kwaɗo uku, a raba mabuɗan ga mata uku, kuma ba a buɗe shi sai a gaban taro. Kowa ya san wadda ke riƙe da mabuɗi. Rajistar da ke cikin kwamfuta ita ma dukiya ce. A zama na gaba na ƙungiyarku, ku tambaya: mabuɗai nawa ne rajistarmu take da su, kuma suna hannun wa?