Tankin murjani

Tankin murjani babban akwatin gilashi ne da ake cika shi da ruwan gishiri a cikin gida domin kiwon murjani da kifayen teku. Ruwansa yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, ɗuminsa kuma digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Selsiyos.

Tsarin bututu

Ruwa yana malalowa daga saman tankin ta bututu zuwa wani ƙaramin tanki da ke ƙasa, inda ake ajiye hita da na'urar da ke fitar da datti a cikin kumfa. Daga nan injin famfo ke mayar da shi sama. Ana amfani da bututun roba na PVC, domin jan ƙarfe guba ne ga murjani.

Abubuwan lura

Idan aka ɗauke wuta, famfon yana tsayawa, ruwan da ke cikin bututu ya gangaro ƙasa. Saboda haka ake barin sarari a tankin ƙasa, in ba haka ba ruwan gishiri ya malale ɗakin. Nauyin ruwan tanki mai lita 1,000 ya haura tan ɗaya, don haka ake tabbatar da ƙarfin daɓe kafin a girka shi.