Yadda Regragui ya kulle ƙofa a Katar

Jama'a, a filin wasanni na wannan mako mun duba salon Walid Regragui, kocin da ya kai Maroko wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya na 2022. Kafin nan babu ƙasar Afirka da ta taɓa kaiwa wurin.

Dabararsa ita ce: bar wa abokin hamayya ƙwallo, kai ka toshe hanyar raga. Mutum huɗu a baya, Sofyan Amrabat a gabansu yana tsare tsakiya, sauran su matso su haɗe kamar garke ya ji motsin kura. Da an ƙwato ƙwallo, sai a miƙa wa Hakimi da Ziyech ta dama, a ruga.

Sifaniya ta riƙe ƙwallo fiye da kashi 70 cikin ɗari, ba ta ci ko ɗaya ba, aka fitar da ita a bugun fenariti. Fotugal ma ta sha 1-0.

To amma fa salon yana da haɗari: idan aka riga ka ci, dole ka buɗe ƙofar. Faransa ta ci tun minti na 5, ta tashi da 2-0.