Tafasasshen Ruwan Bogoriya Ba Na Sha Ba Ne

Na gaji da jin wata magana da ke yawo a bakin jama'a, har da waɗanda ake kyautata wa zaton ilimi, wai duk ruwan da ya ɓuɓɓugo daga ƙarƙashin ƙasa yana tururi, to Ubangiji ya riga ya dafa shi, saboda haka ya tsarkaka daga kowace illa, kuma shansa waraka ne ga sanyin ƙashi da ciwon ciki da abin da ma likita bai sani ba.

Bari mu ɗauki Tafkin Bogoriya na ƙasar Kenya, wanda ke kwance cikin babban kwarin nan da ya tsaga gabashin Afirka, tsawonsa wajen kilomita 34. A gaɓarsa an taɓa ƙidaya idanun ruwan zafi kimanin 200, mafi shahara su ne na Loburu a gefen yamma, inda zafin wasunsu ya haura digiri 90, har baƙi kan saka ƙwai a ciki ya dahu suna tsaye. Sababin abin ba ɓoyayye ba ne: ruwan sama ne ke tsiyaya ta tsagogin ƙasa, ya riski duwatsu masu zafi, sannan ya komo sama. Masu cewa girkin aljannu ne kuwa, ba zan ɓata tawada a kansu ba.

Haƙiƙa tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta, babu jayayya a nan, amma ba ta cire abin da ya narke a cikin ruwa. Duk macen da ta taɓa jiƙa kanwa ta ɗora a wuta ta san cewa gwargwadon yadda ruwan ke ƙonewa, gwargwadon yadda kanwar ke ƙara kauri. Ruwan Bogoriya, a doguwar tafiyarsa cikin duwatsun aman wuta, yakan kwaso kanwa da gishiri da wani sinadari mai suna fuloraid, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance shi a miligiram 1.5 cikin kowace lita ta ruwan sha, alhali na waɗannan idanu ya ninka wannan haddi ninki-ba-ninki. Alamar wannan sinadari a bayyane take a bakunan mutane da yawa na yankin Baringo da Nakuru, waɗanda haƙoransu suka rine tun suna yara saboda ruwan rijiyoyinsu, kuma idan abin ya yi tsanani har ƙashi yake kamawa, gaɓoɓi su sandare. Ashe mai neman maganin ciwon ƙashi zai je ya kamfaci abin da ke lalata ƙashi!

Wani zai kawo hujja da fiƙihu, ya ce ai malamanmu na Malikiyya sun halatta alwala da ruwan da ya jirkita saboda ƙasar da yake kwance a kanta, ko gishiri ne ko kibiritu. Gaskiya ne, sai dai hukuncin tsarki daban, maslahar jiki daban. Ruwan teku ma mai tsarkakewa ne, amma babu mai hankalin da zai kashe ƙishirwa da shi. Kada kuma a yi ƙiyasi da maɓuɓɓugar Wikki ta Yankari a Bauchi, wadda ɗuminta bai wuce digiri 31 ba, ga shi kuma wanka ake zuwa yi.

Wanda Allah ya nufa da ziyartar irin waɗannan wurare, ya tafi da ruwan shansa, ya bar jarkar ɗibar ruwan idanun a gida. Kada ya matsa bakin ido, domin ƙasar gefen ɓawo ce kurum, tana iya burmawa da shi cikin taɓo mai tafasa. Kada ya gwada zafin da yatsa. Ya riƙe hannun yara riƙon gaske, ya kuma bi hanyar da masu gadin wurin suka nuna. A kududdufai masu ɗumi, kada a nutsar da kai, saboda akwai wata ƙwayar cuta mai son ruwan ɗumi wadda ke shiga ta hanci ta kai ga ƙwaƙwalwa. In kuwa tsautsayi ya auku aka ƙone, a kwarara wa wurin ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ban da ƙanƙara, ban da ɗanyen ƙwai ko manja ko man goge baki da aka saba shafawa, sannan a rufe da tsumma mai tsabta a garzaya asibiti.